Azumin da Aka Tashe Mu Daga Bakin Kogi

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara. Tun hantsi ƙasa take ɗaukar zafi, kafin azahar ko akuya ba ta yarda ta taka fili. Ruwan randa kansa sai ya yi ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. In na leƙa waje ba na ganin kowa. Titi ne shimfiɗe wanda lori uku za su jera su wuce ba su gogi juna ba, ƙofofi a layi, yawancinsu da kwaɗo. Masu gidajen suna ramin zinariya a arewa, wasu suna Khartoum, wasu sun haye teku. Na san wannan zafin. Irinsa aka yi shekarar da aka tashe mu daga bakin kogi, shekara talatin da 'yan kai ke nan, ina da goyon fari a baya.

Ƙauyenmu, Hillar Bawa ta asali, a kan gaɓar kogi take, tsakanin Sinnar da Sinja. Ba wanda ya taɓa auna ta. Wanda ya yi aure sai ya tsaga darni ya kafa ɗakinsa kusa da na ubansa, lungu kuma ya bi inda ƙafa ta saba bi. Baƙo in ya shigo sai an fitar da shi. Amma mahaifina, Malam Tanko, wanda idonsa ya tafi tun ina ƙarama, bai taɓa ɓata a cikinta ba.

Kullum bayan sallar asuba sai ya ɗauki sandarsa. Hannun hagu a kan darnin Hajo maƙwabciyarmu, ya bi shi har tsamiya. Daga tsamiya ya karkata inda yake jin daka, ya wuce garken shanu da hancinsa, sai gangara. A gindin wani gawo yake zama, masunta su kawo masa tarunsu da ya yage. Yatsunsa su lalubo ɓarakar da mai ido bai gani ba. Da wannan ya ciyar da mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni da yayana Haruna. Ba ya son a riƙe masa hannu. In yaro ya gwada sai ya ce, "Sake ni, na girmi hanyag ga."

Da na yi aure ban yi nisa ba. Darni ɗaya ne tsakanin gidan mijina Isiyaka da gidanmu, muka buɗe masa 'yar kafa. Isiyaka masunci ne, rani yana yi yake tafiya Rusairis sai ruwa ya sauka ya dawo. Haruna da iyalinsa suna cikin gida tare da Baba.

Ba zan ɓoye ba, an yi gobara shekarar da ta gabata, ta ci gidaje da dama don ɗakuna a cunkushe suke, kuma kogi yana zaftare gaɓa kowace damina. Da wannan hujjar mota ta zo daga Sinja da wani muhandis, mai auna ƙasa, ya ce za a tsara mana gari. Za a mayar da mu tudu, tafiyar sa'a guda daga ruwa, a yanka wa kowane magidanci fili mai kusurwa huɗu, a kawo tankin ruwa da makaranta da ɗakin magani. Aka kafa lajana, wato kwamiti, ta mutum biyar. Haruna ne ya yi karatu a Sinja, Larabcinsa ya fi Hausarsa daɗi, sai aka ba shi shugabanci. Daga ranar bai sake fita ba sai da farar jallabiya da rawani.

Saura kwana huɗu a ga wata aka yi ƙuri'a. Mu mata muna gidan Hajo muna toya abre, wannan siririyar waina mai tsami da muke jiƙawa mu sha ruwa da ita. Aikin gayya ne, yau gidan wannan gobe gidan waccan. Hayaƙi ya cika rumfa, gumi yana ɗiga a kan tanda yana cuu, ana ta wasa da dariya. Sai mijin Hajo ya shigo da takardu a hannu, fuskarsa ba daɗi. Kowane magidanci ya sa hannu cikin buhu ya zaro lamba. Ta Isiyaka, wadda aka zaro masa, ta faɗa gabas. Ta Hajo ta faɗa kudu. Ta Baba ta faɗa layin ƙarshe na yamma, bayansa sai daji.

"Ta Haruna fa?" na tambaya.

"Kusurwa, tana kallon kasuwa," in ji shi. "Dukkan 'yan lajana kusurwa sunka samu. Buhun nan yana da ido."

Na sauke tanda na tafi da gari a hannuna. Na tarar da Haruna a zaure yana jera takardu.

"Yaya, Baba hwa? An raba ku?"

"Kowane magidanci da lambatai, Mairo. Baba magidanci ne."

"To ku yi musanya. Kai ka tahi yamma, shi shi zauna kusa ga masallaci."

"Mamnu'," ya ce da Larabci, wato an hana. "In ni shugaba na fara musanya, mi zan ce ma sauran? Bari in gama gini, sai in ɗauko shi."

Baba yana daga ciki yana jinmu.

Muhandis ya ce duk wanda bai tashi ba kafin Salla lambarsa ta faɗi, don motar rusau tana da wasu garuruwan kafin ruwa ya sauka. Haka muka yi ƙaura da azumi a baki. Da an idar da asuba maza su taru a gidan da ke da layi. A kwance jinkar ɗaki daga jikin bango, mutum ashirin su shiga ƙarƙashinta, a yi salati a ɗaga. In ka hango daga nesa sai ka ga jinka tana tafiya da ƙafafu. Mu mata muna biye da turmi da randa da tukwane. Jinka ɗaya, biyu, kafin ta uku rana ta take. Leɓɓa su yi fari, harshe ya manne a ganɗa. Ba mai waƙar gayya, ba mai ƙarfinta. Na ga ƙato ya fito daga ƙarƙashin jinka ya zube, aka jiƙa masa riga aka jingina shi da buhun dawa, sauran suka ci gaba su goma sha tara.

Wurin da aka kai mu tsohuwar gonar dawa ce, baƙar ƙasa. Bishiyoyin da ke ciki duk an tumɓuke su don wai sun faɗa kan titi. Ba inuwa ko ta tafin hannu. Ƙusoshin ƙarfe ne kawai da jan fenti. Ƙasar ta daddare, tsagar da za ta haɗiye ƙafar mutum har ƙwauri. Iska tana zuwa daga kowane gefe, mai zafi kamar numfashin tanderu.

Ban je filin Isiyaka ba. Na sa aka dasa ɗakina a na Baba, na ce in an hana wannan ma a zo a ɗaga ni. Ba wanda ya zo.

Ranar farko da azahar Baba ya yi alwala da ɗan ruwan da na zuba masa, ya miƙe, ya tsaya. Ya juya nan, ya juya can.

"Mairo, ina alƙibla?"

Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya yi wannan tambayar ba. A can, sanyin kogi a kumatunsa ya ishe shi. Na kama kafaɗunsa na juya shi kamar yaro. Ina jin yadda jikinsa ya ƙage.

Tankin ruwa kuwa ko gindinsa ba a haƙa ba. Kowace safiya ni da Hajo mu haɗu a hanya mu gangara kogi, mu dawo da tulu a ka, goyo yana ƙona mini baya. Tulu guda shi ne alwala, shi ne girki, shi ne wankin kwano, abin da ya rage a ba akuya. Da la'asar in dama godogodo, irin kunun geronmu na nan, in jiƙa abre, in tuƙa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa. Kifi ya ɓace daga tukunyarmu, don masunta ba za su yi tafiyar sa'a guda su kawo wa makaho taru ba. A da gida bakwai muke haɗa kwano da magariba, wanda ba shi da shi ba a ganewa. A nan maƙwabcinmu na dama bai riga ya taso ba, na hagu mutumin wata unguwa ne da ko gaisuwa ba mu saba ba. Baba ya sha ruwa shi kaɗai a bakin ƙofa, yana kasa kunne ko zai ji muryar da ya sani.

Na nemo igiya, na ƙulla guntaye, na ja ta daga ƙofarmu ina ɗaurawa a ƙusoshin nan har rumfar da aka mai da masallaci. Kwana biyu Baba ya bi ta, ya dawo fuskarsa a sake. Rana ta uku amalanken jaki ya tsinke ta. Na ƙulla. Aka sake tsinkewa. Sai Haruna ya zo da kansa.

"Mairo, muhandis ya yi magana. Ba a tare titi da igiya."

"Titin da ba kowa a kai?"

"Doka doka ce. Ki daina ba ni kunya gaban mutane."

Ya kwance ta da hannunsa, ya naɗe ya ajiye mini a ƙofa. Nasa gidan a lokacin ana ɗora masa jan bulo.

Ran sha bakwai ga azumi na dawo daga kogi da hantsi, na tarar da tabarma ba kowa. Sanda ba ta nan. Na duba bayan ɗaki, na duba masallaci. Na ajiye tulu na ruga wurin Hajo, muka bazu muna kira. Kowa yana cikin ɗaki ya jiƙa zane ya lulluɓa, ba wanda ya ga wucewarsa. Muka bi hanyar kogi har gangara, don mun san can zuciyarsa take. Babu shi.

Da azahar na isa tantin lajana. Haruna yana zaune gefen muhandis, mutane sun yi layi ana buga musu hatimi.

"Yaya, Baba ya ɓace tun safe."

Ya ɗago, ya dubi layin, ya dubi muhandis. "Yana gidan wani. Bari in sallami mutanen ga."

"A ranag ga? Da azumi?"

"Na ce ina zuwa."

Ban tsaya ba. Hajo ce ta ce mu duba yamma, inda ba mu zata ba. Muka fita bayan layin ƙarshe, muka shiga fili. Ƙasa tana cin tafin ƙafa ta cikin takalmi. Hajo ta riƙo buta. La'asar ta yi sosai kafin na hango wani abu fari can nesa, kamar buhun da iska ta yar.

Yana zaune, ƙafafu a miƙe. Sandar ta faɗa tsaga ta karye biyu, rabin yana hannunsa. Ƙwaurinsa ya ƙuje, jini ya bushe a kai. Ya ba kogi baya tun fitarsa, yana tafiya yana ƙara nisa. Allurar ɗinkin taru tana aljihunsa. Na kira shi, bakinsa ya motsa amma sauti bai fito ba. Jikinsa zafi rau, ba ɗigon gumi.

Na karɓi butar na kai masa baki. Ya kau da kai.

"Rana," ya ce da ƙyar. "Ba ta hwaɗi ba."

Tun da ya balaga bai taɓa karya azumi ba, ya sha faɗa mana. Na dubi Hajo. Na dubi rana, tana nan tsaye, saura tsawon mashi biyu ta faɗi. Na matsa na tare masa ita da jikina, na buɗe mayafi ya yi masa inuwa.

"Ta hwaɗi, Baba. An kira salla, nisa ne ya hana ka ji."

Ya yi bisimilla ya sha. Ya sha har butar ta ƙare. Muka ɗaga shi, ni a dama Hajo a hagu. Da mayafin ya zame, rana ta daki fuskarsa. Na ji ya tsaya cak. Muka ci gaba da tafiya. Muna daf da shiga gari, can bayan lokaci mai tsawo, ladan ya ɗaga murya.

"Mairo," ya ce a hankali. "Har ke?"

Malamai sun gaya mini daga baya ban yi laifi ba, ceton rai ne. Na yarda. Amma wannan kalmar tana nan a ƙirjina, kuma na san wanda ya sa na yi wa ubana ƙarya.

Haruna ya iso bayan an sha ruwa, da ƙanƙara a cikin buhu, wadda motar muhandis ta kawo daga Sinja. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "To wa ya ce shi hita? Mutum ba ido, sabon wuri, ba sai shi zauna ba?"

Na ɗauki ƙanƙarar na jefa ta tsakiyar titi. Na ce, "Ga titinka nan, shi sha. Kai kuma kada ƙahwarka ta sake taka ƙohwag ga." Baba yana kwance yana ji. Bai tsawata mini ba, bai kuma kira sunan ɗansa ba.

Daga ranar bai sake neman sanda ba. In na juya shi alƙibla ya yi salla, in na kawo abinci ya taɓa. In na ce masa magariba ta yi, sai ya jira ya ji ladan da kunnensa. Bayan Salla ya rama azumin wannan ranar, bai gaya mini ba, sai gani na yi ya ture kwano.

Da Isiyaka ya dawo ya ga halin da ake ciki, ya ɗora shi a jaki ya kai shi bakin kogi. Na bi su. Motar rusau ta riga ta wuce. Ba darni, ba tsamiya, gawon an sare shi an yi gawayi. Wani injin ban ruwa yana ta ƙara a inda masunta suke shanya taru. Isiyaka ya sauke shi ya ce, "Baba, ga mu a gindin gawo." Ya tsaya yana jujjuya kai, ya shaƙi iska, ya miƙa hannu bai taɓa komai ba.

"Ku mai da ni," ya ce. "Ba nan ne ba."

Ya rasu a farkon damina. Baƙar ƙasar nan in ta sha ruwa sai ta zama danƙo, masu ɗaukar makara suna nutsewa har gwiwa, takalma suna zama a cikin laka. Shi aka fara sawa a sabuwar maƙabarta. Haruna ya tsaya a sahun gaba yana karɓar gaisuwa.

An ce tsohon wurinmu na amfanin jama'a ne. Kafin shekara uku ya zama lambun mangwaro da ayaba, na Haruna da wasu 'yan kasuwa biyu na Sinnar. Tanki ya zo bayan na yaye ɗa na uku. Makaranta ma ta zo, 'ya'yanmu suka yi karatu, suka duba suka ga ba kogi kusa, ba lambu, ba abin da zai riƙe su, suka tafi. Nawa huɗu ne, ba ko ɗaya a nan. Isiyaka ya rasu. Hajo ta bi 'yarta Wad Madani. Haruna kuwa damina biyu kawai ya yi a gidan kusurwa, ya ce laka ta dame shi, ya koma Sinnar. Mukan haɗu a gidan rasuwa, ya ce "Mairo", in ce "Yaya". Ban taɓa cin abin gidansa ba.

Shekaranjiya da la'asar mota ta tsaya a ƙofata. Ya fito yana dogara sanda, da tabarau mai kauri, wani mutum mai wandon Turawa yana biye da shi. Na shimfiɗa musu tabarma a waje. Bayan gaisuwa ya gyara murya.

Wai mutanen birni yanzu suna son fitowa bakin kogi ranar Juma'a su huta. Shi da abokan kasuwancinsa za su gina wurin saukar baƙi a cikin lambun nasu. A gefe guda za a yi ɗakunan jinka da darni da lunguna, irin na da, don baƙi su ga yadda Hausawa suka zauna, su ɗauki hoto.

"Ke ce kika rage da kika san yadda lungunan suke," in ji shi. "Ki zo ki nuna ma magina. In an buɗe ki riƙa dama ma baƙi godogodo kina ba su labari. Kuma na yi niyyar in sa ma wurin sunan Baba."

Mutumin nan ya ce, "Abin alfahari ne, hajiya."

Na ce masa, "Ɗana, ba da kai nike ba." Na juya ga Haruna. "Lungun da kunka rushe don ya karkace, shi za ku gina ku karɓi kuɗin kallo?"

"Zamani ne, Mairo. Abin da ya wuce ya wuce. Mun tsufa."

"Shi Baba bai samu ya tsufa a inda ya sani ba. Ka sa ma wurin sunanka, kai ka yi aikin. In na ji an rubuta Tanko a allo, da hannuna zan zo in cire."

Ya riƙa murza kan sanda. Na lura idon nasa ma ya fara fari a gefe, irin yadda na Baba ya soma, in ji manya. Ban ji tausayi ba. Na laluba a zuciyata, ban samu ba.

Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ina son in ziyarce shi kafin in koma. Wurin ya cika, ban iya gane kabarin. Ki raka ni."

"Na farko daga ƙofa, hannun dama," na ce. "Ka tambayi mai gadi."

Ya miƙe da ƙyar, mutumin ya tallafe shi. Rana ta yi ja, saura kaɗan a kira salla. A ƙasar nan ko wanda ba ka sani ba in ya zo wucewa a irin wannan lokaci tare shi ake yi, a rantse masa sai ya sauka ya sha ruwa. Abre yana jiƙe a kwano a bayana, ƙamshinsa yana kai musu. Ya ɗan tsaya a jikin mota, bai shiga ba, yana jira.

Na naɗe tabarmata na shiga gida.